Mallaka da Adalci a cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa

Littafin Shaihu Umar yana ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, a ƙarƙashin jagorancin Dakta R. M. East, aka kuwa buga shi a 1934. Sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi bai daɗe da fita daga Kwalejin Katsina ba, yana malamin makaranta a Bauchi, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Tun daga wancan zamani littafin bai rasa masu nazari ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Galibin masu sharhi, in an tambaye su jigon littafin, sukan ce bauta ce, ko kuwa haƙuri da yarda da ƙaddara. Haka kuma ake koya wa ɗalibai su amsa a jarrabawa. Amsar ba kuskure ba ce, sai dai tana rufe ƙofa da wuri. Akwai wata tambaya da ke bin labarin tun daga Kagara har Rauta, watau: wane ne yake da me, da wace hujja, kuma wa za a kai wa kuka in an ƙwace? Kusan duk wani juyi da labarin ya yi canjin hannu ne. Ko dai dukiya ta bar hannun wani ta koma na wani, ko kuwa mutum da kansa ya zama dukiyar da ke canja hannun. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, adalci a cikin Shaihu Umar ba ya tsayawa da ƙafarsa, kullum jingine yake da halin mai mallaka. In an dace da na kirki a sha, in ba a dace ba babu wurin ɗaukaka ƙara. Littafin ya nuna haka a fili amma bai kira abin da sunansa ba, a nan kuwa ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu.

Ƙidaya biyu

Shaihu Umar ya fara ba almajiransa tarihinsa da lissafin gado. Mahaifinsa baduku ne a Kagara, ya rasu ya bar cikinsa, ya kuma bar masa shanu da tumaki da goɗiya. Marubucin bai yi gaggawar wuce wannan ba. Ya ƙidaya dabbobin iri-iri kamar yadda malamai kan yi ranar rabon gado. Ke nan kafin yaron ya zo duniya an riga an gabatar da shi a matsayin mai abu. Shari'a ta san da zamansa, domin a fiƙihun Malikiyya akan dakatar da rabon gado har mai ciki ta haihu, don kada a tauye abin da ke cikinta. Nauyin dukiyar maraya kuwa babu Bahaushen da ke bukatar a yi masa bayaninsa.

Ba a yi nisa ba sai ga ƙidaya ta biyu. Uwar yaron ta auri Makau, bafaden sarki. Sarki ya tura hari ƙasar Gwari, aka auka wa manoma, aka kamo na kamowa, aka dawo gida kowane barde yana faɗin abin da ya samo. Kamar yadda aka ƙidaya shanun maraya haka aka ƙidaya waɗannan mutane. Ba a ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a ji muryarsu ba, ba a tambayi wanda suka bari a gida ba. Rigimar da ta biyo baya duk a kan adadinsu take: fadawa 'yan hassada suka haɗa baki suka ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, watau ya ci rabon sarki. Sarki ya yarda da maganarsu, ya sa aka washe gidan Makau, aka kore shi daga gari.

Duk mai karatu yakan tausaya wa Makau a wannan wuri, kuma marubucin ya yi aikin da ya kamata don ya jawo tausayin. An zalunci Makau, babu shakka. Waɗanda suka ba da shaida a kansa abokan takararsa ne a fada, alhali kuwa shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa ba ta karɓuwa a shari'a, haka nan shaidar wanda zai ci moriyar hukuncin. Ba a tsaya bincike ba. Hukuncin kuma ya zarce laifin da ake zargi nesa ba kusa ba, domin ko da ya tabbata ya ɓoye wani abu, ina haɗin wannan da halatta wa 'yan wasoso gidansa baki ɗaya? Amma in mai karatu ya dakata ya sake dubawa zai ga abin da tausayin ya lulluɓe. Mutumin da ake kuka don an ƙwace masa gida da safe, jiya-jiya ya dawo daga raba wasu da gidajensu da gonakinsu da 'ya'yansu. Gaskiyar da ake yabonsa da ita, gaskiya ce ta wanda bai rage ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya kamo ba.

Wasoson gidan Makau ya bayyana wani abu game da dukiyar bafade, watau aro ce. Dokinsa da rigarsa da bayinsa duk daga hannun sarki suka fito, kuma ranar da fuskar sarki ta juya sai su koma inda suka fito. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Ba banza ba kalmomin mulki da mallaka suka fito daga tushe ɗaya na Larabci. A duniyar da littafin ya zana, mai mulki shi ne mai mallaka na ƙarshe, saura duk masu riƙo ne. Abin lura shi ne, irin wannan hali yana cikin abubuwan da masu jihadi suka tashi a kansu. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera laifuffukan sarakunan Haɓe, galibinsu kuwa laifuffukan dukiya ne: jangali, da gaisuwa, da cinye kayan wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado, da kama dabbobin talakawa ba da izninsu ba don ɗaukar kayan sarki. Labarin Shaihu Umar ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, kusan shekara 100 bayan tashin jihadi, ga shi kuwa sarki na washe gidan mutum bisa tsegumi. Marubucin bai ja hankalin kowa ga wannan ba, ya dai ajiye shi ya wuce. Mai karatu na 1934 da ya san fada ba ya bukatar ƙarin bayani.

Akwai wani wuri da ya kamata a haɗa da wannan. Sa'ad da aka sace Umar yana ƙarami, wanda ya sace shi cikin siffar kura ya zo, ƙarshensa kuma a bakin kura ta gaske ya gamu da ajalinsa. Wannan shi ne wurin da littafin ya fi kusantar tatsuniya, kuma akan ɗauke shi a matsayin ɗan rauni a labarin da sauransa ya tsaya kan abin da hankali ke ɗauka. To, amma a duba rabon hukunci. Wanda ya saci yaro ɗaya da dare dodo ne, sakayyarsa kuma ba ta kwana ba. Sarkin da ya aika aka kwashe mutane da rana tsaka, da tambari da dawaki, babu abin da ya same shi. Bambancin da ke tsakanin ayyukan nan biyu bai wuce izini ba: ɗaya yana da hurumin kamawa, ɗaya ba shi da shi.

Ɗa da bawa

Wannan ma'auni ba ƙirƙirar Malam Abubakar ba ce, gadonsa ya yi. Malaman Sudan ta Tsakiya sun daɗe suna muhawara a kan bauta, amma tambayar da suka fi yi ita ce wa ya halatta a mallaka. Wajen 1391 Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ takarda yana kukan cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa, 'ya'ya Musulmi, suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham. A 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, inda ya tabbatar da cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Sayar da 'ya'ya Musulmi yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen masu jihadi kan sarakunan Hausa. Wannan tunani ya kare mutane da yawa, bai kamata a raina shi ba. Sai dai katangar da ta kare na ciki ita ce ta tabbatar da cewa na waje halal ne.

Da wannan sikeli littafin yake awo. Umar da uwarsa 'ya'ya ne, Musulmi, saboda haka kama su sata ce, kuma mai karatu yana jin zafinta shafi bayan shafi. Gwarawa kuwa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, kama su ganima ce, abin da ya rage kurum shi ne a raba daidai. Tarihi ya nuna cewa harin da aka zana ba ƙage ba ne. Ƙasar Gwari ta sha irinsa daga Zazzau da kuma Kwantagora ta zuriyar Nagwamatse har zuwa shigowar Turawa a 1901.

Mai kare marubucin yana iya cewa ai ba shi ke magana ba, Shaihu Umar ne, malamin ƙarni na 19 wanda bai san wata duniya ba sai wannan. In da aka sa masa ra'ayin zamanin boko a baki, da labarin ya zama ƙarya. Wannan hujja tana da ƙarfi. Har ma ana iya ƙara mata da cewa abin da bakin mai ba da labari bai faɗa ba, zubin labarin ya faɗa. Matar mahari da agolansa su ne suka faɗa cikin irin ramin da ya jefa matan wasu da 'ya'yansu. Yaron da aka gabatar da shi a matsayin mai shanu shi ne aka wayi gari ana lissafa shi cikin kayan wani a Kano. Da wuya a ce saurayin da ya tsara wannan bai san abin da yake yi ba. Sai dai bai ƙarasa ba. Sakayyar ta faɗa kan mace da yaro waɗanda ba su je hari ba, shi kuwa Makau ya sami mazauni a Makarfi, littafin kuma bai taɓa sa shi, ko sa Umar bayan ya zama shaihi, ya waiwayi mutanen nan da aka kamo ba. Malamin da ya yi shekaru yana karatu, ya ɗanɗani bauta da kansa, ya kamata a ce ko sau ɗaya tambayar ta ɗarsu a zuciyarsa.

Yadda Makau ya sami wurin zama cikin sauƙi ya tuna da wani abu da mai karatu na yau yakan manta. A wancan zamani ƙasa ba ita ce ke wuya ba, hannu ne. Baƙo in ya sauka gari ya gai da mai gari akan nuna masa daji ya sare ya noma. Abin da ke mayar da fili dukiya shi ne yawan masu noma shi, shi ya sa arzikin manya yake a rinji, inda bayi ke aikin gandun ubangijinsu tun safe har azahar, sa'an nan su juya ga 'yar gayaunarsu. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Usmaniyya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka in ana maganar mallaka da adalci a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, maganar mallakar mutum ake yi kafin ta gona, kuma wannan ne ya sa Shaihu Umar ya fi sauran littattafan gasar kusantar tushen al'amarin. Jiki Magayi, alal misali, ya taɓo ƙarfin dukiya ta wata fuska, inda attajiri ya raba saurayi da budurwarsa, saurayin ya rasa inda zai kai ƙara ya koma ga sammu. Amma can dukiya makami ce kurum a hannun mutum ɗaya, ba a nuna yadda aka tara ta ba.

Hanya ɗaya, iyayengiji biyu

Zuciyar littafin tana cikin tafiye-tafiye biyu da aka yi a kan hanya ɗaya ta Sahara. Umar ya faɗa hannun Abdulkarim, Balarabe mai fatauci, wanda ya tafi da shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama limami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta, aka haura da ita Sahara, ta yi ta canja hannu. Ta kai kukanta gaban alƙali, amma ƙarar ba ta mayar mata da 'yancinta ba. Sa'ad da ɗanta ya same ta wahala da baƙin ciki sun riga sun cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Matsayinsu a shari'a ɗaya ne, dukansu 'ya'ya ne da aka mallaka ba bisa ƙa'ida ba. Babu wanda ya fi wani haƙƙi, babu wanda ya fi wani haƙuri. In ma akwai, uwar ce ta fi, domin ita ta san abin da ta rasa. Abin da ya raba ƙarshensu shi ne halin wanda ya riƙe su. Wannan wuri ya kamata masu cewa jigon littafin haƙuri ne su tsaya a kai, domin haƙurin uwar bai dafa mata dutse ba.

Harshen Hausa kansa yana taimakawa wajen gane abin da Abdulkarim ya yi. Kalmar ɗa tana da ma'ana biyu, wanda aka haifa da kuma wanda ba bawa ba. Daga wannan gida kalmar 'yanci ta fito. Abdulkarim ya mayar da Umar ɗa ta ma'anar farko, ta haka ya ɗanɗana masa ta biyu. To, amma Umar ɗa ne tun asali. Abin da aka ba shi a matsayin alheri nasa ne tun fil azal, an dai ƙwace ne aka mayar masa da wani yanki. Littafin kuwa ya gabatar da shi a matsayin kyauta, Umar kuma ya karɓa da godiya wadda ba ta da iyaka. Har ila yau, riƙo ba ya sa gado a Musulunci. Ɗan riƙo ba shi da kaso a dukiyar mariƙinsa sai abin da aka ba shi da rai ko aka yi masa wasiyya. Ke nan duk ɗaukakar Umar a Ber Kufa a kan yardar mutum ɗaya take, kamar yadda ta Makau take a Kagara. Abu guda ne ya samu wanda ba a iya washewa, watau ilmi, kuma shi kaɗai ya iso da shi Rauta bayan guguwar rairayi ta binne ayarinsu. (A rubuce babu bambanci tsakanin baiwa ta kyautar Allah da baiwa kuyanga, sai karin sauti ke raba su. Ɗan ya sami ta farko, uwar ta zama ta biyu.)

Ba a nufin cewa Abdulkarim munafuki ne. Kirkinsa na gaske ne, kuma tarihi ya san irinsa. Bayi da cucanawa sun riƙe manyan sarautu a Kano da Zazzau da Katsina, wasu sun fi 'ya'ya da yawa daula. Matsalar ita ce littafin ya bar kirkin mutum ɗaya ya tsaya a madadin adalci. Ayarin da ya ɗauki Umar zuwa ga karatu ya ɗauki wasu zuwa kasuwa, mai karatu kuwa idonsa na kan yaron da aka zaɓa. Wannan ne ya sa wasu masu nazari suka ga kamar littafin yana sassauta wa bauta. Hukuncin ya yi tsauri, domin babu wanda zai karanta ƙarshen uwar Umar ya fito yana ganin bauta abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi daidai shi ne a ce littafin ya la'anci mugun ubangiji, ya yabi nagari, bai tambayi ubangijintakar kanta ba.

Shekarar 1934

Akan karanta Shaihu Umar kamar labarin zamanin da ya shuɗe, alhali a shekarar da ya fito bauta ba ta gama mutuwa a Nijeriya ta Arewa ba. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Gwamnati ba ta so bayi su watse daga rinji, don kada noma ya faɗi, sarakunan da take mulki ta hannunsu su tsiyace. Saboda haka aka tsananta wa bawan da ya gudu wajen samun gona a sabon wuri, aka kuma ƙarfafa hanyar murgu da fansa, watau bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa, har ya tara kuɗin da alƙali ya yanka ya karɓi takardar 'yanci. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a doka. Ke nan yaran da suka fara karanta littafin a makarantun Midil, wasunsu a gidajensu akwai dattawan da ba su gama biyan kuɗin kansu ba.

A duba inda diyya ta nufa a wannan tsari. Wanda aka kama shi ke biya, wanda ya riƙe shi ke karɓa. Turawa ba baƙi ba ne ga wannan lissafi, domin sa'ad da Ingila ta soke bauta a ƙasashen da take mulki a 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya masu bayi, bayin kuwa ba su sami ko anini ba. Mulkin da Hausawa suka raɗa wa suna mulkin mallaka, suna haɗa kalmomin nan biyu masu tushe ɗaya, ya ɗauki haƙƙin mai riƙe da dukiya a matsayin abin da ba a taɓawa, ko da dukiyar mutum ce. A cikin irin wannan yanayi, littafin da hukumar gwamnati za ta buga don makarantu ya fi samun sauƙi in ya kai mugun ubangiji can ƙetaren Sahara, ya bar rinjin da ke bayan gari.

Shi kansa marubucin ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bara ne a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauchi. Ya san zaman wanda ci da shansa ke hannun wani tun yana yaro, kuma wataƙila wannan ne ya sa ya iya zana fargabar bafade da kyau haka. Shekara 16 bayan fitowar littafin, a watan Agusta na 1950, shi ne ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, yana kukan cewa ba a jin muryar talaka. A cikin wannan wata ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Bambancin da ke tsakaninsa da su ya yi kama da iyakar da littafinsa ya tsaya a kai: shi gyaran halin masu riƙo ya nema, su kuwa riƙon kansa suka tuhuma.

Da bauta ta kau, jama'a ta yawaita, sai nauyin mallaka ya tashi daga kan mutum ya koma kan ƙasa, amma siffarsa ba ta sake sosai ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa duka a hannun Gwamna, a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gaji wannan, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kuma take aiki har yau, ta shimfiɗa shi a Nijeriya baki ɗaya, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Takardar da mutane ke kira shaidar mallaka, a doka shaidar izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma ana iya soke ta don bukatar jama'a. Diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ban da ƙasar kanta. Manufar dokar ita ce hana 'yan kaɗan tattare filaye. Amma amana, kamar riƙon Umar, tana bin halin wanda aka ba. Manoman da aka tasa saboda madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun ga haka a watan Afrilu na 1980, sa'ad da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe da dama.

Ƙarar uwar Umar kuwa sai da aka sake shigar da irinta a zahiri, a ƙasar Hausa ta Nijar. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12, a matsayin wahaya, a yankin Birnin Ƙonni. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, a 2005 kuma ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba ta da ikon tafiya. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure. Ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta zauna a Yamai, ta kuma yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba, 2008, cewa lalle an bautar da ita, gwamnatin Nijar kuma ta kasa kare ta. Kotun ta umurci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. A wannan karon alƙalan ba su tambayi ko ubangidan mai kirki ne ko mugu ba, ba su kuma tambayi ko iyayenta 'ya'ya ne ko bayi ba, kuɗin kuma hannunta ya shiga. Tsakanin wannan hukunci da fitowar Shaihu Umar shekara 74 ce.